Taken Mai Fura

Da farko ban so rubuta wannan labari ba. Na dawo Birnin Kebbi bayan dogon zama a wurin karatu, sai na tarar da yaran unguwarmu sun kamu da wani kiɗa guda. Suna buga shi a kan jarka, a kan murfin tukunya, har a kan cikinsu idan sun ƙoshi. Da na tambaya, aka ce daga wani fim ne na ban dariya da waƙoƙi, na 'yan tsana irin waɗanda ake zura hannu a ciki a motsa su, wanda wata malamar firamare ta shirya don yara da iyayensu. Aka ce mai gangar wani tsoho ne a Zauro, wanda a zamaninsa shi ke yi wa manoma kiɗan gayya. Abin bai kwanta mini ba. Na ce a raina, ashe ƙarshen makaɗin noma ke nan, mutumin da ya tayar da maza a fadama ya koma raka tsummokara. Na ɗauka labarin faɗuwa zan ji, shi ya sa na yi ta jan ƙafa. Daga baya na je Zauro na zauna da mutanen gidan, ga kuma abin da na samo.

Sunansa na yanka Muhammad Sani, amma tun yana yaro Tamba ake ce masa, da ya girma aka ƙara masa Makaɗa a gaba, kamar yadda ake yi wa masu sana'ar a wannan yanki. A Argungu aka haife shi, a gidan da ganga ke rataye a inda maƙwabta ke rataya homar kamun kifi. Mahaifinsa yana yi wa masunta kiɗa a cikin kwalekwale lokacin su, wato kamun kifi, idan damina ta faɗi kuma ya bi manoma fadama. Abu guda ya koya wa ɗansa, da lallashi da rankwashi: makaɗin aiki ba ya duban gangarsa, bayan mutane yake duba. Ka nemi wanda ya fi kowa gajiya a layi, ka kafa ido a kafaɗarsa. Idan ya ɗaga galma ka ɗaga tare da shi, idan zai sauke ka riga shi da ɗan kaɗan, sai ya ji kamar wani ne ya karɓe masa rabin nauyin. Haka Tamba ya tashi. Kowane manomi da takensa, wato ɗan kiɗan da ake gane shi da shi, kuma duk daga jikin mai shi Tamba ke ciro shi. Wani yana sara da sauri kamar mai faɗa da ƙasa, wani yana ja a hankali kamar san noma. Ido ya gani, hannu ya maimaita.

Yana saurayi aka gayyaci mahaifinsa gayya a Zauro, gonar shinkafar wani dattijo, suka tafi tare. Rana ta take, maza sun jiƙe sharkaf, sai ga 'yar mai gonar ta ɓullo ta siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki, ɗauke da ƙwaryar fura a ka. Sunanta Kulu. Tafiyarta ba irin ta kowa ba ce. Takan taho da ɗan sauri, sai ta tsaya cak ta taɓa laka da babban yatsan ƙafa ta ji ko za ta ɗauke ta, sannan ta karkata kafaɗa ta ci gaba. Idon Tamba ya bar bayan manoma ya koma kanta, hannunsa kuwa abin da ido ya gani yake bi. Ganga ta yi sauri, ta tsaya cak, ta karkata. Nan take layi ya rikice, galma ta haɗu da galma, wani ya kusa sare ɗan yatsan maƙwabcinsa. Mahaifinsa ya sakar masa gular kiɗa a tsakar ka.

"Kai, ɗan nema! Noma aka kira mu ko kallon hura?"

Kulu ta sauke ƙwarya ba ta dubi kowa ba. Ko ɗigo bai zube ba.

Bayan girbi aka ɗaura musu aure, Tamba ya samu ɗan fili ya zauna Zauro. Tun daga nan, duk gayyar da Kulu ta kawo fura, sai ya saƙa wannan kiɗa a tsakanin taken maza, a gajarce, yadda layi ba zai rikice ba. Ba a yi wa matar aure take a gona, kuma ba a san namiji da nuna irin wannan a bainar jama'a ba, saboda haka bai taɓa faɗa wa kowa na wane ne ba. Ita ma bai faɗa mata ba. Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, suka ga jikoki, maganar ba ta taɓa haɗa su ba.

Gayya ba rana ɗaya ta mutu ba. Injin huɗa ya shigo, maganin feshi ya rage ciyawa, matasan da ake ɗauka aiki kowa da wayarsa a aljihu tana yi masa waƙa. Aka daina aiko wa Makaɗa goron gayyata. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya rataye ganga a ɗaka, ya kama noman albasa, sai dai lokaci-lokaci yakan sauke ta ya shafa wa fatar mai, ya mayar. Ana nan kuma ciwo ya kwantar da Kulu, da ta tashi ƙafafun ba su tashi tare da ita ba. Ta koma zaman tabarma a ƙarƙashin rumfa, da allura da zare, tana haɗa ƙyallaye. Bakinta dai bai kwanta ba. Daga nan take mulkin gidan, har awaki sun san muryarta. Tun ranar da ta daina tafiya Tamba bai ƙara sauke gangar ba, ko don shafa mai.

Nazifa jikarsu ce ta wajen ɗansu na fari, tana koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Ta fara wasan 'yan tsana ne don yaran ajinta su daina barci, abin ya karɓu, har ta ƙudura ta mayar da shi fim. Labarin wata tarwaɗa ce da ta gaji da ruwa ta ce sai ta yi noman shinkafa, da balbelar da ke ba ta gurguwar shawara, da wata tsohuwa mai kai fura gona wadda awaki ke bi a baya. Kulu ce ta ɗinka su duka da ragowar atamfa da tsofaffin safa. Waƙoƙin kuwa Nazifa ta rubuta, ɗalibanta suka rera. Saura ganga.

Ta zo Zauro wata Asabar, ta durƙusa gaban kakanta da wasan da ke tsakanin jika da kaka.

"Ango, an zo da roƙo."

"Amarya, in tuwo ne kin makara, tsohuwar ga ta cinye."

"Kiɗi nike so. Gangarka nike so cikin fim ɗina."

"Wa za a yi wa kiɗin?"

"Tarwaɗa."

"Tarwaɗa! To ubanki na san shi, lahiyarshi lau. Ke ina kika gado?"

"Gidanku," in ji Kulu daga tabarma, ba ta ɗago daga ɗinki ba. "Wanda ya rikita gayya guda saboda ƙwaryar hura, shi ka tambayar gadon hauka?"

Ya yi dariya, ya ce zai yi. Sai da Nazifa ta tafi ya shiga ɗaka ya tsaya yana duban gangar. Bai san ko akwai sauran kiɗa a hannunsa ba. Ya riga ya yi wa jikarsa alkawari, ita kuma ta tafi tana gaya wa kowa cewa kakanta ne zai yi mata kiɗa. Ya sauke gangar, ya gyara tsirkiya, ya shanya ta a hantsi.

Ranar da aka sa, ya hau babur ɗin kabu-kabu da ganga a baya ya nufi birni. Wurin ɗaukar sautin wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon tela, na wani mutum mai haƙuri da ake kira Musaddiq. Ba taga, an manne bangon da soso. Musaddiq ya yi masa bayani cikin ladabi cewa a irin wannan aiki kiɗa ake fara ɗauka, daga baya a motsa 'yan tsana su bi shi a gaban kyamara. Ya sa masa abin saurare a kunne. A ciki akwai muryoyin yara, ƙarƙashinsu kuma wani abu yana ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar agogon bango.

"Baba, wanga ƙwas-ƙwas za ka bi. Kada ka wuce shi, kada shi wuce ka."

Tamba ya rataya ganga, ya ɗaga gula, ya duba gabansa. Soso. Ba baya, ba kafaɗa, ba galma. Ya buga, sauti ya fito, amma shi kansa ya ji kamar ana dukan buhu. Ya riga ƙwas-ƙwas ɗin, ya dawo ya makara, ya rasa inda zai sa ƙafa. Aka sake. Aka cire ƙwas-ƙwas aka bar muryoyin yara, bai canza ba. Nazifa ta ce ko don ba a noma ne, sai Musaddiq ya ɗauki sandar makirfo ya shiga sarar siminti da ita yana nishi. Duk suka fashe da dariya, har da tsohon.

"Ɗana, Allah shi yi maka albarka, amma ba nauyi bisa kafaɗarka. Ko ƙuda ba shi gudun saranka."

Dariyar ba ta jima ba. Ya sake gwadawa, hannun ya ƙi. Ya ga Nazifa tana murmushin da ake yi wa marar lafiya, wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali, ya ce rana ta yi, gida da nisa.

A hanya bai ga koren shinkafar da ke gefen titi ba. Abu guda yake juyawa: kiɗa ya bar shi. Bai zargi ɗakin ba, bai zargi Musaddiq ba. Ya ce tsufa ne, abin da Allah ya ara masa ya karɓe. Da ya isa ya mayar da ganga ƙusarta.

"Makaɗa, ƙaƙa birni?" in ji Kulu.

"Birni na nan inda aka bar shi."

"Kiɗin hwa?"

"Ganga ta tsufa."

"Ganga, ko mai ganga?"

Da ta ga bai rama ba, ta san abin ya kai ƙashi. Ta bar shi. Amma da Nazifa ta zo bayan 'yan kwanaki, Kulu ta tsare ta da tambaya, yaya ɗakin yake, me ke gabansa, wa yake kallo. Nazifa ta ce bango. Tsohuwa ta ce, "Uhm," ta ci gaba da ɗinki. Nazifa ta je ta samu kakanta ta ce kada ya damu, Musaddiq zai iya fitar da ƙarar ganga daga fiyano, ba wanda zai gane. Ya ce to, madalla. Ranar ko furar rana bai sha ba.

Bayan la'asar Nazifa na madafa tana hura wuta, sai Kulu ta ɗaga murya.

"Makaɗa, sauko da gangar ga. Na ga zanzaro na shiga ɗakin da laka, kada shi yi gini cikinta."

Ya sauko da ita ya zauna a kan turmi, ya ɗora ta a cinya yana dubawa. Ba zanzaro, ba laka. Zai yi magana ke nan sai ya ga abin da take yi. Ta jawo ɗan bencin da take jingina da shi ta sa a gabanta, ta zura hannu cikin 'yar tsanar tsohuwa mai fura. Ta riga ta ɗinka mata ɗan gammo a ka. Ta ɗauki wani ɗan mitsitsin ƙoƙo, ta zuba furar da ya ƙi sha har baki, ta ɗora a kan gammon. Sannan 'yar tsana ta kama hanya a gefen benci. Ta taho da ɗan sauri. Ta tsaya cak, ta sunkuya kaɗan kamar mai taɓa laka da yatsa. Ta karkata kafaɗa, ta ci gaba. Furar tana rawa a bakin ƙoƙo, amma ba ta zube ba.

Tamba bai san lokacin da ya ɗauki gula ba. Ganga ta yi sauri, ta tsaya, ta karkata. Da hannun Kulu ya fara gajiya, ya ga gwiwar hannun tana sauka, sai ya riga ta da ɗan kaɗan, kamar yadda aka koya masa, hannun ya sake miƙewa. Suka kai ƙarshen benci suka juyo. Awaki suka daina tuƙa. A madafa Nazifa ta tsaya da mafici a hannu, ta ƙi leƙowa, don ta gane wannan ba abin da jika za ta tsaya a kai ba ne.

Da ya tsaya, ya ajiye gula ya dubi Kulu.

"Wagga tahiya, ina kika samo ta?"

Kulu ba ta dube shi ba. Abin da ba ta iya faɗa wa mijinta ido da ido ba tun suna da ƙuruciya, sai ta juyo da fuskar 'yar tsana wajensa, ta maƙale murya ta zama siririya, ta faɗa da bakin 'yar tsanar.

"Ni Mai Hura ce, ban san ka ba, bawan Allah. Amma wata ta ba ni saƙo. Ta ce wai kana tsammani kurma ce? Ta ce hanyar fadama ta san ta awa tahin hannunta, ba ta buƙatar taɓa laka. Ranar farko dai don laka ta tsaya. Sauran duk tsayawa take ta ji ko mai ganga zai jira ta."

Tsoho ya sunkuyar da kai yana murza tsirkiyar ganga. Can ya ce wa 'yar tsanar, ba matarsa ba, "Ki ce mata yana jira."

"Ta sani. Ta ce ka sha hurar ga, hannunta ya gaji."

Ya karɓi ɗan ƙoƙon da yatsu biyu ya shanye.

Da Nazifa ta koma birni ta gaya wa Musaddiq, bai yi musu ba. Ya ce tun da kiɗan ba ya zuwa gaba, sai a juya aikin, 'yan tsana su yi motsi ganga ta bi su, yara kuma su sake rera waƙoƙin a kan gangar. Ya kwaso kayansa a mota ya kawo Zauro. Aka ɗaura zani tsakanin turaku biyu a tsakar gida, masu motsa 'yan tsana suka ɓuya a bayansa, Makaɗa ya zauna a gefen da yake ganin hannuwansu da kafaɗunsu. Aikin ba wasa ba ne. Mutum ya tsuguna da hannu a sama har kafaɗa ta ɗauki zafi, ga shi ana so tarwaɗa ta yi rawa. Tamba ya samu abin da ya saba, ya nemi wanda ya fi gajiya ya ɗauke masa rabin nauyi. Tarwaɗa ta samu takenta mai santsi, balbela ta samu nata mai taka ɗaiɗai. Mai Fura kuwa ba wanda ya iya tafiyarta, duk wanda ya gwada sai fura ta zube masa a ka. Dole aka bar wa mai ita. Matasa suna ta kukan gwiwa da baya saboda tsuguno, Kulu tana zaune daram a tabarmarta, tsayinta daidai da zanin.

"Ku dibe su," ta ce. "Masu ƙahwa ke nan. Ni da ba ni da ita ban ce komi ba."

Zakaran gidan ya yi cara a tsakiyar wata waƙa, Musaddiq ya so a sake, Nazifa ta ce a bar shi. Yana nan a cikin fim ɗin har yanzu, yara sun san wurin, suna yin carar tare da shi.

A Argungu aka fara nuna shi, a zauren wata makaranta, ranar da ba karatu, da hantsi. Tamba ya ce tun da garinsu ne sai an je da Kulu. Aka ɗauke ta a mota, 'ya'yanta suka shigar da ita a kan kujera, aka ajiye ta a gefen mata. Shi yana can ɓangaren maza tare da wasu tsofaffin masunta da suka san mahaifinsa. Da Mai Fura ta ɓullo a majigi, awaki na biye da ita, ta yi saurinta ta tsaya cak ganga ta tsaya tare da ita, sai zauren ya kece da dariya. Wani tsoho da ya taɓa yin gayya a Zauro ya karkata kai yana saurare, ya taɓa Tamba.

"Makaɗa, wanga kiɗi na san shi. Taken wa ne?"

"Na Mai Hura ne. Ba ka gani?"

Bai waiwaya ɓangaren mata ba. Ita ma, in ji Nazifa, ba ta waiwayo ba, sai dai ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza.

Yanzu gangar ba ta komawa ƙusa. Tana jingine a rumfa kusa da kwandon ɗinki, kuma maƙwabta sun ce bayan la'asar sukan ji ta a hankali, ba biki ba gayya. Ranar da na je, na tarar da shi yana gyaran igiyar albasa, ita tana ɗinka wa balbela sabon wuya. Mun daɗe muna hira. Da zan tashi na kasa haɗiye abin da na zo da shi tun daga birni, na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri da tambaya. Kai da ka yi wa mazaje kiɗa a fadama, bai taɓa yi maka ciwo ba a ce yau tsumma kake yi wa?"

Ya dubi Mai Fura da ke rataye a turken rumfa, wuya a langaɓe, ba kowa a cikinta. Ya rage murya don kada ta tabarma ta ji, ko da yake na tabbata ta ji.

"Wagga da ke rataye, ko ni ba ni yi mata kiɗi. Sai an sa hannu. To kai da ka yi karatu, ba ka tambayi hannun wa ke ciki ba?"